Darasin Zane a Makarantar Ƙauye: Labarin Wata Mai Koyon Malanta

Kun saba jin muryata a kan taki da iri da ajiyar hatsi. A wannan fitowa makarantar firamare zan kai ku, gama abin da na gani a can cikin wata uku ya shafi 'ya'yanmu, ya kuma shafi gonakinmu fiye da yadda na zata.

A wani ƙauye na kudancin Jihar Kaduna inda na ke zagayawa, akwai wani dattijo ɗan ƙungiyar masu noman citta. 'Yarsa tana karatu a kwalejin horon malamai, sashen zane da aikin hannu. Da lokacin gwajin koyarwa ya yi, watau sa'ad da a ke tura ɗalibai su tsaya gaban aji na ainihi a duba su, sai ta roƙa aka turo ta makarantar garinsu domin sauƙin abinci da wurin kwana. Aka ba ta aji 4 da aji 5. Yara suka sa mata suna Ƙaramar Malama, ni ma da shi zan kira ta a nan.

Ran wata Laraba, bayan mun tashi daga taro, uban ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, ai kai ma ka yi makarantar malamai kafin ka shiga aikin gona. Ka yi wa ƙanwarka magana, kwana biyun nan ko abinci ba ta ci sosai." Na same ta a ƙofar gida da littafin shirin darasi a cinya, ba ta rubuta kome ba. Ta ce, "Yaya, aji 4 yara 68 ne. Ba takarda, ba fenti, rabinsu ko fensir ba su da shi. Abin da aka koya mana a kwaleji duk da kayan kanti ne. Ga shi malaminmu zai zo ya duba ni. In na faɗi, sai baɗi kuma." Ku da kanku kun san abin da cutar citta ta yi wa aljihun mutanenmu a 2023. Shekara guda ta ƙarin kuɗin makaranta ba ƙaramin abu ba ne a gidan nan.

Akwai kuma wani abu. Waɗanda suka shiga makaranta zamanin ilimi kyauta na 1976 za su tuna da ranar aikin hannu, ranar tufka igiya da saƙar tabarma da faifai. A hankali abin ya lalace. A makarantar nan, lokacin darasin ya zama na shara da ɗebo ruwa, ƙarshen zango kuma kowane yaro ya kawo tsintsiya ko kuɗi a ba shi maki. Alhali kuwa tsarin karatun firamare da aka fara aiki da shi a 2008 ya haɗa zane da waƙa da wasan kwaikwayo da aikin hannu cikin darasi ɗaya na al'adu da fasaha. Yana cikin jadawalin makarantar kamar lissafi, ba alfarma ba ce.

Mangwaro hamsin iri ɗaya

Kafin in ba ta shawara, sai da na faɗa mata laifina. Ni ma na yi gwajin koyarwa. Ran da aka ba ni darasin zane, na shiga da alli, na zana mangwaro a allo, na ce, "Ku kwafa." Aji ya yi tsit. Bayan minti 30 na karɓi mangwaro 50 iri ɗaya, kowanne da ganye guda yana kallon dama, kamar nawa. Na yi murna, na raba maki. Sai daga baya na tuna akwai itacen mangwaro a bakin tagar ajin, yana ta zubar da 'ya'ya, ba kuwa yaro ɗaya da ya ɗaga kai ya dube shi. Ni na hana su.

Ku buɗe littattafan 'ya'yanku ku gani. Za ku tarar da gida mai bututun hayaƙi a kan rufi, irin na ƙasar sanyi, wanda yaron bai taɓa gani ba, kakansa ma bai gani ba. Ba rumbu, ba turmi, ba akurki. Wani malami ne ya kwafa daga littafi, ya koya wa wani, har abin ya iso ga ɗanka.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode, shi ya yi ta fama a shekarun 1920 domin zane ya sami wurin zama a makarantun Legas. A 1927 gwamnati ta kawo wani Bature mai suna Kenneth Murray saboda wannan aiki. Shi Murray ya nace almajiransa su zana zaman garinsu yadda su ke ganinsa, su kuma girmama ginin tukwane da sassaƙa na gida, maimakon kwafar hotunan Ingila. Cikin almajiransa har da Ben Enwonwu, wanda sunansa ya zaga duniya. Kusan shekara 100 ke nan, mu kuwa har yanzu muna kan bututun hayaƙi.

Ido kafin hannu

Shawarata ta fari ita ce, "Kada ki taɓa alli tukuna. Kai musu abin da kansa."

Lokacin cirar gyaɗa ne. Washegari ta sa ƙannenta suka tumɓuko gindi 10 daga gonar ubansu, da saiwa da 'ya'ya da ƙasarsu. Ta raba aji kashi 10, kowane kashi ya kewaye gindi ɗaya a inuwa. Ta hana kowa zana kome har minti 5, tambaya kaɗai ta ke yi. Ganyen gyaɗa guda, 'yan kunnuwa nawa ke gare shi? Yara suka yi ta faɗin uku, biyar, shida. Ta ce a ƙirga. Huɗu ne, biyu suna fuskantar biyu. 'Ya'yan fa, daga saiwa su ke fitowa? Kowa ya ce i. Ta ce a sake dubawa. Sai wata yarinya ta ga ba haka ba ne. Kowace gyaɗa tana bakin wani siririn tsinke ne da ya fito daga jikin reshe, inda fure ya faɗi, ya sunkuya ya shiga ƙasa. A jikin saiwar kuwa waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle ne kawai, waɗannan da mu malaman gona mu ke ta gaya muku su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Yaran nan tun suna goye su ke cikin gyaɗa. Sun shuka, sun cire, sun ɓare, sun ci, amma ba su taɓa dubawa ba. In faɗa muku gaskiya, da na ba da labarin a taron ƙungiya, manya biyu sun yi mini gardama a kan zancen saiwar, sai da aka aika aka ɗauko gindi.

Bayan dubawa sai zane, amma a ƙasa tukuna, da tsinke, babba-babba. Dalili kuwa, yaro ba ya tsoron ƙasa. In ya ɓata sai ya shafe da tafin hannu. Takarda kuwa in guda ce tak, hannunsa rawa ya ke yi, ya yi ɗan mitsitsin abu a kusurwa. Da hannu ya saki, sai ta raba gawayi da kwali. Ran nan ta karɓi gyaɗa 68, ba biyu da suka yi kama da juna, kowacce kuwa gyaɗa ce.

Ba cewa na ke yi malami kada ya nuna kome ba. Ya nuna yadda a ke riƙe gawayi, yadda a ke kwantar da shi a sami inuwa, yadda a ke auna tsawon abu da ɗan yatsa. Amma ya nuna da wani abu dabam, ba wanda za a zana ran nan ba, ya kuma shafe allo kafin su fara.

Kanti yana bayan gida

Rashin kayan aiki shi ya fi damunta, shi ne kuwa ya fi sauƙin magani. Ran Asabar muka zaga gari da kwando.

Gawayin itace mai laushi ya isa a yi zane da shi yadda ya ke. In fenti a ke so, a daka shi lilis, a tankaɗe da tsumma, a kwaɓa da ruwan ƙaro. Ba sabon ilimi ba ne. Da irin wannan haɗi almajiran makarantar allo su ke yin tawada tun kaka da kakanni. A jiƙa ƙaron ya kwana, misalin cokali 1 cikin cokali 3 na ruwan ɗumi, a tace. Shi ne ke riƙe launi a jikin kwali. In babu shi, da zanen ya bushe sai ya kakkaɓe. Kada a haɗa da yawa, gama bayan 'yan kwanaki ya kan yi fumfuna.

Ja da fari daga ƙasa su ke: jar ƙasa ta gefen hanya, da farar ƙasa irin wadda mata ke shafe ɗaki da ita. Amma ba a kwaɓa su haka nan, sai an wanke. A zuba ƙasar a bokiti, a cika da ruwa, a dama sosai, a ɗan dakata yashi ya kwanta. Sa'an nan a tsiyaye ruwan mai kauri cikin wani bokiti, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan da ya yi garau a sama. Laushin da ya rage a ƙasa shi ne fentin, sai a ƙara masa ƙaro.

Rawaya mun same ta daga gangamau, wanda masu citta da yawa ke da shi a gefen gona. Ja mai duhu daga zoɓo, ko karan dafi wanda dukawa ke rina fata da shi. Shuɗi kuwa bular wanki muka saya, ita kaɗai ta ci mana kuɗi. A nan ne yara suka sha mamaki. An ɗiga ruwan kanwa a ruwan gangamau, ya koma ja. An ɗiga a ruwan zoɓo, ya yi duhu tsakanin shuɗi da kore. An matsa masa lemun tsami, ya komo ja. Malamin aji 6 da ya leƙo ya ce darasinsa na kimiyya aka sace. Sai dai launin tsiro ba ya jimre wa rana, cikin 'yan makonni ya kan koɗe. Na ƙasa da na gawayi ba su koɗewa.

Buroshi, asuwaki ne da aka tauna bakinsa, da gashin zabo ɗaure a tsinke. Takarda kuwa, mai shago ya ba mu kwalayen taliya da na sabulu, magatakardan ƙungiya ya ba mu tsofaffin kalanda masu farin baya.

Abu ɗaya na tsaya a kansa da ƙarfi, ina kuma so kowane uba ya ji. Da aka ce yara su kawo abin zuba fenti, uku suka zo da robobin maganin feshi da aka yanke wa kai. Na karɓe su nan take. Kome wankin da aka yi wa robar maganin ciyawa ko na ƙwari, ba ta zama kayan yara, gama yaro ya kan sa buroshi a baki, ya kuma ci abinci da hannun nan. In magani ya ƙare, a ɗauraye robar sau uku, a juye ruwan a tankin feshi, a huda ta. Gwangwanin madara da na tumatir sun isa, a dai daddanne bakinsu kada su yanki yatsa.

Ranar kaza

Malamin kwaleji ya zo a mako na huɗu, bai aiko ba. Ran nan Ƙaramar Malama ta shirya a zana kaza. Ta kawo kazar uwarta, ta ba wani yaro ya riƙe a kan tebur. Ba a yi minti 3 ba kaza ta kufce, ta bi ta kan yara, ta tuntsurar da gwangwanin jar ƙasa a takalmin baƙon, ta fice ta taga. Rabin aji ya bi ta. Kafin a komo da kaza da yara, a rarraba kwali, an buga ƙararrawa. Ko ƙafa ɗaya ba wanda ya zana.

Makin ran nan ba shi da daɗin faɗi. Amma malamin mutumin kirki ne. Ya rubuta mata cewa tunanin darasin daidai ne, riƙon aji ne babu, zai kuwa komo.

Da dare ta yi kuka, ta ce za ta koma ga allo da alli, gama a nan ne yara ke zama shiru. Na ce, "Ƙanwata, ni ma na sami shiru da mangwarona, me ya amfana? Ajin zane ba ya yin tsit. Amma hayaniyar gayya dabam ta ke da hayaniyar faɗa." Muka zauna muka tsara ajin kamar gayya. A gayya ba a barin kowa ya faɗa gona ta inda ya ga dama, a kan raba kunyoyi tun fartanya ba ta taɓa ƙasa ba. Kashi 10 ɗin nan suka zama na dindindin, kowanne da mai ɗauko kaya da mai mayarwa, ana sake su kowane mako domin kada manyan yara su danne ƙanana. Kayan kowane kashi a haɗa su cikin kwali ɗaya tun da dare. Alamar tsayawa ɗaya ce: in ta tafa sau uku, kowa ya ajiye abin hannunsa ya dube ta. Kwana biyu suka yi suna gwada wannan kaɗai, kamar wasa. Bayani kada ya wuce minti 5, a kuma gama shi kafin kaya su shiga hannu, gama yaron da ke riƙe da gawayi kunnensa a toshe ya ke. Minti 7 na ƙarshe na shara da wanke hannu ne, ba a taɓa su.

Minti 35 bai isa wannan duka ba. Ta roƙi hedimasta ya haɗa mata darasi biyu na mako wuri ɗaya, ya yarda. Kaza kuwa, in za a sake, a kife ta da kwando mai manyan idanu, a watsa mata tsaba.

"Malama, ban iya ba"

A aji 5 ta gamu da wata matsala dabam. Ƙananan yara in ka ba su gawayi ba su tambayarka kome, sai zane. Amma 'yan shekara 10 zuwa 12 sai su rufe kwali da hannu su ce ba su iya ba. Ta ɗauka taurin kai ne. Na tuna mata da abin da mu duka biyu muka karanta a kwaleji. Viktor Lowenfeld, mutumin Ostiriya da ya koyar a Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1947 yadda zanen yara ke tafiya mataki-mataki. Daga shekara 2 zuwa 4 yaro yana jan layuka barkatai. Daga 4 zuwa 7 sai mutum ya fito, ƙaton kai da ƙafafu biyu manne da shi. Daga 7 zuwa 9 ya kan ja layi a ƙasa ya jera kome a kansa. Daga wajen 9 kuwa, idonsa ya kan riga hannunsa girma. Ya fara ganin abin da ya zana bai yi kama da na gaske ba, ga kuma abokai suna dariya. A nan ne mutane da yawa su ke ajiye zane har abada. Ba kowane yaro ke bin shekarun nan daidai ba, balle wanda bai taɓa riƙe fensir ba sai da ya shiga makaranta, amma na ga gaskiyar abin a ƙauyukanmu.

Maganinsa ba yabon banza ba ne, ɗan shekara 11 ya san ƙarya in ya ji ta. Ba kuma karɓar gawayin a gyara masa ba ne. Ran da malami ya sa hannu a zanen yaro, zanen ya tashi daga nasa. Abin da ya yi aiki shi ne ƙaramar tambaya. "Wuyan akuyar da ƙafarta, wanne ya fi tsawo? Je ka duba ka dawo." Wajen ba da maki kuma ta daina neman na wa ya fi kyau. Ta kan duba ko yaro ya lura da abin sosai, ko ya cika kwalin, ko ya gama ya gyara wurinsa. Ta ɗaura igiya daga taga zuwa taga, aikin kowane yaro ya hau ta aƙalla sau ɗaya a zango.

Akwai wani yaro da a ke ce wa daƙiƙi, ya maimaita aji, ba ya iya karanta layi guda. Ran da ta ce kowa ya kawo abin da ya ƙera a gida, sai ga shi da motar kara mai ƙafa shida, da ƙofa mai buɗewa, da sitiyari mai juya ƙafafun gaba. Ta sa shi ya koya wa aji. Ban ce ya zama na ɗaya a lissafi ba, bai zama ba. Amma ya daina gudu daga makaranta ran kasuwa.

Bahago kuma a bar shi da hagunsa. Cin abinci da gaisuwa zancen gida ne, amma bulala ba ta mai da hannun zane dama, sai dai ta kashe zanen. Sa'an nan akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi a ajin. Wani uba ya aiko cewa ba ya so ɗansa ya zana mutum ko dabba. Ta je ta gaishe shi, ba ta yi gardama ba. Yaron ya zana ganye da rumbu da dagi, da irin adon da a ke yi wa bangon gidaje a Zariya da Kano da gaban babbar riga. Ƙarshe dai duk aji suka nemi a koya musu dagin.

Kaka ta shiga aji

Da hunturu ya kusa, aka zo kan ginin yumɓu. Ƙaramar Malama ta faɗi gaskiya, sau biyu kaɗai ta taɓa yumɓu a kwaleji. Ga shi kuwa a bayan coci akwai wata tsohuwa, 'yar zumuntar mata, wadda ta fi shekara 40 tana ginin tukwane. Na ce kada ta aiki yaro. Ta tafi da kanta tare da uwarta, da ɗan sabulu da gishiri, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ilimin da ke hannunki babu shi a littafina. Ki zo ki koya mana." Tsohuwa ta yi dariya, ta ce ita da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, me za ta yi a makaranta?

Sai yarinyar ta ciro takardar Naira 20 ta nuna mata bayanta. Matar da ke ginin tulu a nan ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali. Ba ta yi boko ba, wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta, a nan ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda a ke kira Suleja yanzu, ita ce kuwa mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka tana nuna gini, tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulu kamar yadda a ke yi a garinsu. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

Kaka ta zo. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, yara suka kewaye ta. Ta nuna musu yadda a ke tsince tsakuwa, yadda a ke daka tsingaro a gauraya da yumɓu domin kada ya tsage a wuta, yadda a ke murza shi kamar igiya a ɗora zobe bisa zobe. Ta hana shanya a rana. A inuwa za a sa, a rufe da ganyen ayaba, gama iska ta kan busar da baki ta bar gindi ɗanye, abin ya tsage. Wani yaro ya yi saniya dunƙulalliya kamar malmalar tuwo. Kaka ta ce za ta fashe, ya rarake cikinta. Bai ji ba. Ran gashi, da aka tara ciyawa da kara da busasshen kashin shanu aka sa wuta, yara suna tsaye daga nesa, saniya ta yi ƙara kamar bindiga.

Wutar tana ci na ba su labarin Nok, da ke nan kusa da Kwoi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono siffar yumɓu ta farko a can. A 1943 aka sami wani kan mutum na gasasshen yumɓu a wajen Jama'a. Wanda ya ɗauke shi bai san darajarsa ba, ya kafa shi mutum-mutumi a gonar doya har shekara guda, kafin a kai wa Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Siffofin nan sun haura shekara 2,000. Masu bincike na jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a yankin a 2005, sun sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake a wuraren zaman mutanen. Watau manoma ne irinmu, da yumɓu irin namu. Manyan kawunan kuwa da rami a cikinsu, an huda idanu da hanci da baki. Yaron mai saniya ya ce, ashe su sun ji maganar kakarsu.

Ina ruwan ƙungiya?

Wani ɗan ƙungiya ya tambaye ni a taro, "Malam, zanen nan zai ba yaro tuwo?" Tambaya ce mai kyau. Ba zan ce kowane yaro zai zama Ladi Kwali ba, amma ga abin da na sani daga aikina. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Nijeriya a 2016, ba a dogara ga launinta wajen gane ta, gama ya kan sake. Da alama biyu a ke gane ta: wani farin zane kamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe masu kusurwa huɗu kusa da wutsiya. Na yi shekaru ina nuna wa manya hotonta, su ce sun gani, gobe su kawo mini wata tsutsa dabam bayan sun riga sun sayi magani. 'Yan aji 5 sun sa ta a kwalba sun zana ta sau ɗaya, yanzu su ne ke shiga masarar fadama su faɗa wa iyayensu. Haka kuma kwalaben magani. Yawancinsu suna da ɗamara mai launi a gindin takarda, ja ga mafi haɗari, sa'an nan rawaya, shuɗi, kore, da ƙananan hotuna masu nuna safar hannu da rufe hanci da wanke jiki. Wanda bai saba karanta hoto ba, ado ya ke gani.

Malamin kwaleji ya komo a mako na goma. Ya tarar ana buga ado a kwali da yankakkiyar kuɓewa da ganyen rogo. Ya zauna har aka gama shara, ya kuma roƙi ɗan ƙullin jar ƙasa ya kai wa ɗalibansa. Ta ci gwajin.

Ta koma kwaleji kafin Kirsimeti, abin da ke damuna kuwa shi ne kada da tafiyarta darasin ya koma tsintsiya. A taron ƙarshen shekara ƙungiyar masu citta ta ba makaranta tsohon akwatinta mai kwaɗo domin ajiye kaya, ta kuma yarda a riƙa kai wa Kaka hatsi kowane zango in ta koyar. Wakilanmu sun nema a taron iyaye da malamai a daina karɓar tsintsiya ko kuɗi a madadin aikin hannu. Wannan bai wuce ba tukuna. Waɗansu malamai sun ce da tsintsiyar nan a ke share makaranta, gaskiyarsu ce kuwa. Ana kan shawara ko ƙungiya za ta riƙa sayen tsintsiya 20 kowane zango.

Ƙungiyar da ke so a gwada haɗa fentin nan a gabanta, ta faɗa wa malamin gonarta in ya zo zagaye. A tanadi bokiti biyu da jar ƙasa, a gayyato malamin makarantar garin, a kuma jiƙa ƙaro tun daren ranar.